Me masu neman yuraniyom ke nema a cikin lakar ƙorama da ruwan rijiya?

Tambaya: "Malam, kwanakin baya wasu ma'aikata sun zo ƙauyenmu da mota. Sun shiga ƙoramar da ke bayan gari suka yi ta tankaɗe laka suna zubawa a 'yan jakunkunan takarda, suka kuma ɗibi ruwan rijiyoyi biyu a robobi. Direbansu ya ce wa yara wai yuraniyom ake nema. Ni dai na kasa ganewa: ta yaya tafin hannu guda na laka zai nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa? Zuwansu yana nufin akwai shi a wajenmu ke nan? Kuma in akwai, ruwan da muke sha fa?"

Malam, tambayarka uku ce a dunƙule, kuma ta tsakiyar ce na san ta fi damun mutanen gari, don haka bari in fara sauke maka ita. Zuwan masu ɗibar laka bai nuna akwai yuraniyom a ƙasarku ba. A irin wannan aiki ana bin yanki ne gaba ɗaya, ƙorama bayan ƙorama, wadda ake zato da wadda ba a zato. Mafi yawan wuraren da aka ɗiba, sakamakonsu shi ne a cire su daga lissafi. Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma abin da yake ba mu da farko shi ne sanin inda ba za a ɓata kuɗi ba.

Ƙorama ce ke yi mana tattara

Ka san yadda mai sayen hatsi a Dawanau yake soka ƙarfe a buhu ya zaro 'yan ƙwayoyi, daga nan ya yanke hukunci a kan buhun duka. Mu ma haka muke so mu yi wa ƙasa, sai dai ƙasa ba a gauraye take kamar buhun gero ba. In ka ɗebi ƙasa a gindin wata bishiya, labarin gindin bishiyar kaɗai za ta ba ka. Ƙorama kuwa ta riga ta yi gaurayen. Duk damina ruwa yana wanke tuddai da gonaki da falalen duwatsun da ke zuba a cikinta, ya kwaso ɓarɓashinsu ya ajiye a gindinta. Lakar da aka ɗiba a wuri guda tana ɗauke da ɗanɗanon duk ƙasar da ke sama da wurin.

Amma ɗanɗanon yana tsinkewa, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Dutse na yau da kullum yana ɗauke da yuraniyom wajen giram 2 zuwa 3 a cikin tan guda. Giranit yakan ɗara haka kaɗan. Ɗauka cewa ƙoramarku tana wanke ƙasa mai faɗin hekta 1,000, kuma a cikinta akwai hekta ɗaya tak da dutse mai giram 1,000 a tan ya leƙo sarari. In komai ya gauraye daidai, abin da zai ƙaru a lakar giram ɗaya ne kacal: daga 3 ta koma 4. In da a babban kogi aka ɗiba, wanda ke wanke ninki goma na wannan ƙasa, ƙarin ba zai kai yadda za a bambance shi da kuskuren awo ba. Shi ya sa ba za ka gan mu a bakin Binuwai ko Gongola ba. Ƙananan ƙoramu muke bi, waɗanda yaro zai tsallake.

Inda aikin ya samo girmansa

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yin wannan aiki da faɗi ita ce Amurka. A 1973, shekarar da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi, hukumar makamashin nukiliyarta ta ƙaddamar da shirin ƙiyasta yuraniyom ɗin da ke ƙasar, wanda ake kira NURE. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka shiga ɗibar laka da ruwa, aka raba ƙasar tsakanin manyan ɗakunan bincike huɗu: Los Alamos, Oak Ridge, Savannah River da Lawrence Livermore. A yawancin wurare samfur ɗaya ake ɗauka a kowace murabba'in kilomita 10 zuwa 13, a Alaska kuma aka ƙara tazara. Kanada ma ta yi nata a lokacin, sai dai da yake arewacinta tafkuna ne birjik, lakar gindin tafki suka riƙa ɗiba da jirgi mai saukar ungulu.

Shirin na Amurka bai kai ƙarshe ba. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1979 kasuwar yuraniyom ta faɗi, kuɗin aikin ya ƙafe, aka tsaya da wajen rabin ƙasar ba a kammala ba. Abin da aka bari shi ne bayanan samfurin laka kusan dubu 400 da na ruwa sama da dubu 300, waɗanda suka koma hannun hukumar binciken ƙasa ta Amurka a tsakiyar shekarun 1980. Har yau ana buɗe su, amma galibi masu neman zinariya da tagulla ne, da masu binciken gurɓatar ruwa. Akwai kuma darasin da ya bar mana mai ɗaci. Kowane ɗakin bincike ya yi amfani da nasa tsarin ɗiba da nasa na'urar awo, sai ya zama in ka haɗa taswirorin za ka ga adadi ya yi tsalle daidai kan iyakar aikin wannan da wancan, alhali dutsen iri ɗaya ne. Duk wanda ya koyi aikin bayan nan, abu na farko da ake cusa masa shi ne: rariya ɗaya, hanya ɗaya, ɗakin awo ɗaya.

Dalilin haɗawa da ruwa

Mai neman zinariya laka ta ishe shi. Yuraniyom kuwa yana da hali biyu, kuma duk sana'ar a kan wannan hali ta ginu. Inda iskar oksijin ke kaiwa, yana narkewa a ruwa cikin sauƙi, musamman ruwan da ke da kabonet, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta. A haka zai yi tafiya mai nisa ba tare da ya canza wa ruwan launi ko ɗanɗano ba. Da zarar ya shiga inda babu oksijin, wato baƙar laka mai ruɓaɓɓen ganye, ko dutsen yashi mai guntayen tsohon itace, sai ya daina narkewa ya zauna.

Ma'adinan Nijar haka suka samu. Duwatsun yankin Ayar (Azbin) sun saki yuraniyom, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗauke shi ya ratsa dutsen yashi na kwarin Tim Mersoi, ya sauke shi inda ya tarar da ragowar tsirrai. An fara ganin alamarsa a Azelik a 1957, aka gano na Imuraren a 1966, kamfanin Somair ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak kuma a Akuta a 1978 har aka rufe ta a 2021. Abin lura gare mu shi ne zurfin. Ramin Akuta ya kai wajen mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Ma'adinin da ke binne haka, ba abin da zai zubo wa ƙorama, ko ka tankaɗe ta daga sama har ƙasa. Ruwan rijiya ne kaɗai ya ratsa kusa da shi. A ƙasar da ƙoramu ke ƙafewa wata bakwai ko takwas a shekara, ni a ganina rijiya da burtsatse sun fi ruwan ƙorama amfani nesa ba kusa ba, kuma ina jin shi ya sa baƙinku suka nufi rijiyoyi.

Sai dai karanta ruwan rijiya yana da wuya. Rijiyar da ta fi kowacce yuraniyom ba lalle ta zama a kan ma'adinin take ba. Sau da yawa tana gefen da ruwan ke tahowa ne, inda akwai oksijin yana narkar da shi. A kan ma'adinin kansa da bayansa ruwan kan fito da ɗan kaɗan, domin a nan ne yake zaunawa. Don haka muke kallon inda adadin ya faɗi kwatsam, mu duba abokan tafiyarsa irin su seleniyom, molibdinom da banadiyom, mu auna iskar radon da yuraniyom ke haifarwa in yana lalacewa. Ita radon rabinta kan lalace cikin ƙasa da kwana 4, saboda haka ba ta nisa da inda aka haife ta. In ta yi yawa a rijiya, tushenta yana kusa.

Abin da ka ga suna yi

Tankaɗen da ka gani shi ne zuciyar aikin. Ba yashi muke so ba, domin yashi galibinsa farin dutse ne da ba ya riƙe komai. Garin laka mai laushi muke so, wanda ya wuce rariya mai ido maikiron 150 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), domin a jikinsa ne da jikin tsatsar ƙarfe da ruɓaɓɓen ganye yuraniyom ke maƙalewa. Rariyar ta roba ce da zaren nailan, ba ta ƙarfe ba, kuma mai ɗiba yakan cire zobe, don kada ƙarfen hannunsa ya shiga awo. Ba a wuri ɗaya ake ɗiba ba: ana tafiya 'yan taku goma-goma a cikin ƙoramar ana tsintar kaɗan-kaɗan daga wurare biyar ko fiye, a haɗa. Ana guje wa gaɓar da ta rufto, domin wannan ƙasar gefe ce ba wadda ruwa ya kawo ba. Ana hawa sama da gada da hanyar mota da wurin wanki. Jakar takarda kuma don lakar ta sha iska ta bushe ne, leda takan sa ta gumi.

Ruwa ya fi laka shagwaɓa. Ana tace shi nan take da matata mai ido maikiron 0.45, a zuba a roba biyu. Ɗaya ana ɗiga mata asid ɗin naitirik don kada yuraniyom ya manne a jikin robar kafin a kai ɗakin awo, ɗayar a bar ta haka don auna gishirin da ke ciki. A bakin rijiyar ake auna tsamin ruwan da zafinsa da yawan gishirinsa, domin waɗannan suna canzawa a hanya. In burtsatse ce, sai an yi ta bugawa ruwan da ya kwana a bututu ya fita tukuna. Cikin kowane samfur ashirin ko makamancin haka mukan ɗibi ɗaya sau biyu mu ba shi lambar ɓoye, mu kuma saka garin da muka riga muka san adadinsa. Wata shekara wannan dabara ce ta cece mu: wani ɗakin awo ya dawo mana da sakamakon da tagwayen samfuranmu suka saɓa wa juna sosai, da aka bincika ashe an juya jerin lambobin tire guda ne. Ba don tagwayen ba, da mun tura mutane su yi mako biyu suna bin ƙoramar da ba komai a cikinta.

A zamanin shirin Amurka, Los Alamos tana saka lakar ne a tukunyar nukiliya ta ƙirga niyutiron da ke fita bayan 'yan daƙiƙoƙi, ruwa kuma a auna shi da ƙyallin da yuraniyom ke yi a ƙarƙashin wani haske na musamman. Yanzu na'urar ICP-MS ce ta karɓe aikin, tana ba da sinadarai hamsin ko fiye daga samfur ɗaya. A gida ma akwai ƙaramar tukunyar bincike a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ana awon laka da duwatsu da ita.

Adadi mai yawa yakan yi ƙarya

An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne, duk adadin da ya fita zakka yana da dalili. Matsalar ita ce dalilin ba kasafai yake zama ma'adini ba.

Babban mayaudari a ƙasarmu shi ne baƙin yashi mai nauyi da ke taruwa a lungun ƙorama. A cikinsa akwai ƙwayoyin zarkon da monazait, waɗanda yuraniyom ke kulle a cikinsu tun ran da dutsen ya daskare. Ba sa narkewa, ba sa ruɓewa, ruwa sai dai ya tara su kamar yadda mai wankin kuza ke tara kuza a kwano. Ina sabon shiga aiki na taɓa dawowa da murna da wani sakamako daga wata ƙorama a ƙasar giranit, adadin ya ninka na maƙwabtanta sau da yawa. Wanda nake ƙarƙashinsa bai ce komai ba, ya miƙo mini shafin toriyom da na zarkoniyom, sinadaran da ke cikin monazait da zarkon. Duka sun hau tare. Da muka koma muka wanke lakar a kwano, sai ga baƙin yashi ya kwanta a gindi. Tun daga ranar ba na kallon yuraniyom shi kaɗai. In ya hau tare da toriyom, yashi ne. In ya hau ya bar toriyom a ƙasa, to ruwa ne ya ɗauko shi daga wani wuri, domin toriyom ba ya narkewa, kuma wannan ne ya cancanci a bi sawunsa. Wata hanyar ita ce a jiƙa lakar da asid mai rauni wanda zai saki abin da ya manne a waje kawai, ya bar zarkon yadda yake. Duk wanda zai yi aiki a kewayen Jos, inda tarin ƙasar tsofaffin ramukan kuza ke cike da waɗannan ƙwayoyi, ko a Riruwai ta jihar Kano inda giranit ɗin kansa yake da yuraniyom fiye da na sauran wurare, dole ya san wannan tun kafin ya sauka daga mota.

Fadama ma tana yaudara. Baƙar lakarta tana tsotse yuraniyom daga ruwan da ba shi da wani yawa, shekara da shekaru, har ta tara abin da zai ba ka mamaki. A ruwa kuma zafin rana ne: rijiyar da ruwanta ke ƙafewa yana yin kauri, komai na cikinta yana ƙaruwa, har da yuraniyom. Shi ya sa muke raba adadin da yawan gishirin ruwan kafin mu kwatanta rijiya da rijiya. Takin zamani mai fosfet yana ɗauke da ɗan yuraniyom, kuma ƙoramar da ta ratsa gonakin da ake zuba shi da yawa tana iya nunawa.

Akwai kuma yaudara ta ɗaya gefen, wadda ta fi ba ni tsoro domin ba a ganinta. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamada tana sauka a ƙoramu busassu, kuma laushinta daidai da idon rariyarmu. Sai ka tankaɗe ka cika jaka, ashe wani kaso na abin da ka ɗiba daga wajen tafkin Chadi ya taso, ba daga tudun da ke gabanka ba. Tana tsinka alamar har ta ɓace. Saboda haka a can arewa sosai wasu kan zaɓi ɓarɓashi mai ɗan kauri su zubar da mafi laushin. Wanne ya dace, sai an yi ɗan gwaji a wurin da aka riga aka san akwai ma'adini an ga wace rariya ce ta fi nuna shi. Ni na fi son ɗiba da kaka, bayan ruwa ya ɗauke ƙoramu sun lafa, kafin hazo ya sauko, kuma a gama yankin duka a cikin yanayi ɗaya.

Babu wani adadi guda da za a ce daga nan an samu. Giram 8 a tan a ƙasar giranit ba labari ba ne, amma a ƙasar farar ƙasa ko dutsen yashi zai sa in sake duba taswira. Kowane irin dutse da nasa gejin.

In sakamakon ya yi kyau, me zai biyo baya?

Za su dawo su ɗibi laka a kowane reshe na ƙoramar, suna hawa sama har inda alamar ta yanke. Daga nan sai ɗibar ƙasa a jere, da yawo da na'urar auna wani tururin nukiliya da ake kira gama. Ita ma na'urar tana da iyaka: abin da ke cikin ƙafa ɗaya ko biyu na saman ƙasa kawai take ji, kuma ba yuraniyom ɗin take ji kai tsaye ba, wani jikansa ne, wato abin da yake rikiɗa ya zama in yana lalacewa, da ake kira bismut, wanda yakan rage a wuri bayan ruwa ya wanke kakan ya tafi da shi. Sai an haƙa rami an huda ƙasa da injin an fito da dutse an auna kafin a ce akwai. Daga cikin wuraren da suka fita zakka a zagayen farko, kaɗan ne ke kaiwa ga huda, kuma mafi yawan waɗanda aka huda a nan maganarsu ke mutuwa. Arewa maso gabashin Najeriya shaida ce: tun ƙarshen shekarun 1970 aka yi bincike aka ga alamun yuraniyom a wurare irin su Mika, Gumci da Gubrunde, amma har yau ba a buɗe mahaƙarsa ko ɗaya a ƙasar ba. Na Arlit da ake haƙa yana da kilo 2 ko fiye a tan, wato ninki ɗaruruwa na dutsen yau da kullum.

Kuna da haƙƙin ku tambayi takardarsu. A dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007, izinin leƙen farko yana ba mutum damar ɗibar samfur a saman ƙasa ne kawai, ba haƙa ko huda ba. Wannan sai da lasisin bincike daga ofishin rajistar ma'adinai. Mai aiki na ƙwarai ma ba ya shiga ƙorama sai ya fara gaida mai gari ya faɗi abin da ya kawo shi, bai kamata a ce daga bakin direba kuka ji ba.

Ruwan sha

Kusan kowane ruwa yana da ɗan yuraniyom. Na teku yana da wajen maikirogiram 3 a lita (maikirogiram miliyan ne ke yin giram ɗaya), na yawancin koguna bai kai 1 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikirogiram 30 a lita a matsayin gejin ruwan sha tun 2011. Abin da ake gudu a nan ba tururin nukiliya ba ne sosai, illar da yake yi wa ƙoda ce in an daɗe ana sha, kamar sauran ƙarafa masu nauyi. Kuma ba sai da ma'adini rijiya ke wuce gejin ba: burtsatse mai zurfi a cikin giranit, mai ruwan kabonet, tana iya wucewa a inda ba abin haƙa ko kaɗan, rijiyar da ke kusa da ita kuma ta fito lafiya.

Daga nesa ba mai iya yanke hukunci a kan rijiyoyinku, awo ne kaɗai zai faɗa, kuma awon yana hannun waɗanda suka ɗiba. Shawarata mai gari ya rubuta musu takarda ya nemi sakamakon rijiyoyin biyu: adadin yuraniyom a lita, tare da na fuloraid da arsenik da naitiret, tunda galibi a ɗiba ɗaya ake auna su. Kamfani yana iya riƙe sakamakon laka a matsayin sirrin kasuwanci, amma na ruwan da mutane ke sha ban ga hujjar ɓoye shi ba. In ya fito sama da 30, a sake ɗiba a wani yanayin a tabbatar, domin awo ɗaya ba ya isa. In ya tabbata, kada a dogara da tafasawa, tafasa ruwa ƙara masa kauri take yi, tacewa da ƙyalle ko jefa alif ma ba abin dogaro ba ne. Na'urar tace ruwa mai matsa shi ta cikin fata, irin ta masu ruwan leda na ƙwarai, tana cire shi, amma a ƙauye abin da ya fi sauƙi shi ne a mayar da wannan rijiyar ta wanki da gini, a koma sha daga wadda awo ya wanke.